Gyaran gidan haya in an hana taɓa bango

'Yar'uwa, kin ce kin kama haya a Ƙofar Kaura, mai gida ya hana fenti da buga ƙusa. To, ki bar masa bangonsa. Kuɗinki su tafi kan abin da za ki naɗe ki ɗauka ranar tashi.

Fara da labule mai kauri, har ƙasa. Yana ɓoye tsohon fenti, yana tare ƙurar hunturu. Ki shimfiɗa leda, don kafet mai gashi ƙura yake sha a Katsina. Fayafayai masu launi da ƙorai masu zane ki jera su saman kabad, madubi kuwa ki jingina shi. Tayil dai kada ki soma, ko an ce za a cire miki a kuɗin haya, sai an rubuta gaban shaidu.