Fatawa: Fim ɗin da ya ƙare da azabar mazinaci, ya halatta a kalle shi da sunan darasi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, wani abokina ne ya tura mini wani tsohon fim na Turawa, na shekarar 1992. Labarin wani dattijo ne a Ingila, likita kuma minista, mai mata da 'ya'ya biyu, da ya kamu da matsanancin son yarinyar da ɗansa zai aura, ita ma ta ba shi fuska, suka riƙa haɗuwa a ɓoye. Rannan ɗan ya riske su a wani ɗaki a saman bene, ya riƙa ja da baya cikin ruɗewa har ya faɗo ƙasa ya mutu. Aure ya mutu, muƙami ya tafi. Akwai tsiraici sosai a ciki, amma ni gani nake wa'azi ne, tunda ya nuna ƙarshen mazinaci. Ya halatta in kalla don darasi? Kuma mutumin yana da laifi, alhali son ne ya fi ƙarfinsa? Sannan mun yi musu da abokai: da yaron bai mutu ba, zai iya aurenta bayan abin da ya shiga tsakaninta da ubansa?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na cire sunan fim ɗin daga tambayarka da gangan, don kada amsar ta zama talla.

Kallon wannan fim a yadda ka siffanta shi haramun ne. Dalilin haramcin kuwa shi ne abin da ido zai gani kafin a kai ga wannan ƙarshen da kake kira wa'azi. Allah Ta'ala ya ce a Suratun Nur, aya ta 30: "Ka ce wa muminai maza su runtse daga ganinsu, su kuma tsare farjinsu", sannan ya maimaita umarnin ga mata a aya ta 31. Jariru bn Abdullahi ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi da ya kawar da idonsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. To idan wanda idonsa ya faɗa ba da niyya ba an ce ya kawar, ina ga wanda ya caja wayarsa, ya sa abin sauraro a kunne, ya gyara kwanciya? A Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira, an ce zinar ido ita ce kallo, zuciya tana buri tana sha'awa, farji kuma shi ke gaskata hakan ko ya ƙaryata.

Wasu samari sukan ce ai hoto ne, ba matar ce a gabanka ba. Amsarsu tana cikin Bukhari, a hadisin Ibn Mas'ud, inda aka hana mace ta siffanta wa mijinta jikin wata mace har ya zama kamar yana kallonta. Siffantawa da baki ke nan aka hana, saboda abin da take tayarwa a zuciya. Hoto mai motsi, da haske da kiɗa da aka tsara don a kama zuciyar mai kallo, ya fi cancantar hani nesa ba kusa ba.

Amfanin da kake hange ban musa shi ba. Allah bai musa cewa akwai wani amfani a giya da caca ba, amma ya ce a Baƙara, aya ta 219, zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Darasin da ke cikin fim ɗin gaba ɗaya ga shi ka rubuto mini shi a layi huɗu, na kuma fahimta sarai ba tare da na ga cinyar kowa ba. Abin da ake samu ta halattacciyar hanya ba a shiga haram a nemo shi.

Amma kada ka fahimci cewa ba da labarin sha'awa da cin amana shi ne haramun. Da haka ne da Suratu Yusuf ba ta sauka ba, ga shi kuwa Allah ya kira abin da ke cikinta mafi kyawun labari. Ka buɗe daga aya ta 23 ka karanta a natse. Matar babban mutum ce, a gidan mijinta, da saurayin da ya tashi a hannunsu. Ta kukkulle ƙofofi, ta kira shi. Ya nemi tsarin Allah. Suka yi tsere zuwa ƙofa, ta fizgo rigarsa ta baya ta yage, suka yi kiciɓis da maigidan a bakin ƙofa. Matan gari suka ɗauki zance, suna cewa sonsa ya ratsa zuciyarta. Ta gayyace su, ta miƙa wa kowace wuƙa, suka yanke hannuwansu ba su sani ba. Babu abin da aka ɓoye na zafin wannan so, har barazanar kurkuku da ta yi a gaban mata an kawo. Duk da haka yaro ɗan shekara goma yana karanta surar a allonsa, liman yana jan ta a asuba mata na sahun baya, babu mai jin kunya. Ba a siffanta jikin kowa ba, kuma mai karatu yana tsaye ne a gefen wanda ya gudu zuwa ƙofa. A ƙarshe ita da bakinta ta ce, a aya ta 51, yanzu gaskiya ta bayyana, ni ce na neme shi.

Fim ɗin naka kuwa yana tsayar da kai ne a gefen ministan. Da idonsa kake kallon yarinyar, tare da shi kake jiran wayarta, tare da shi kake fargabar kada a kama ku. Matarsa, wadda ita ce aka zalunta shekara da shekaru tana riƙe da gida, ba a ba ta fili sosai sai da gawar ɗanta ta kwanta. Kuma ka duba inda aka ajiye shi a ƙarshe: shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a baƙuwar ƙasa, ya kafa ƙaton hoton da yarinyar take ciki a bango yana kallo. Hasara ce wannan, amma ba tuba ba ce. Mai kallo yana tashi da tausayinsa, har wani ya ji a ransa cewa dattijon ya ɗanɗani wani abu da sauran mutane ba su taɓa ɗanɗana ba. Ni a ganina wannan ya fi tsiraicin haɗari, domin tsiraici kowa ya san haramun ne, wannan kuwa a rigar wa'azi yake shigowa.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Musulunci bai ɗauki karkatar zuciya laifi ba. Bukhari ya kawo labarin Mugisu, mijin Barira, wanda bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi, ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) bai tsawata masa ba. Ce wa Abbas ya yi, ba ka mamakin son da Mugisu yake wa Barira da ƙin da Barira take wa Mugisu? Har ya roƙa masa ita, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da buƙata. A nan maganar ta tsaya, Mugisu bai haura katangar kowa ba.

Malamai sun daɗe da tattauna ko irin wannan so dole ne ko zaɓi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya warware ta a Raudatul Muhibbin da cewa mafarinsa da sabubbansa zaɓi ne, abin da ke biyo baya ne yake fin ƙarfin mutum, kamar mashayi: maye ba a hannunsa yake ba, amma ɗaga kwalbar a hannunsa yake. Saboda haka wanda so ya kama shi daga kallon farko, ya yi ƙoƙarin tunkuɗe shi, ya kame, ba a kama shi da abin da ke zuciyarsa, domin Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Wanda kuwa ya bi sabubban da ƙafarsa, ba shi da uzuri.

Auna ministan da wannan ma'auni. Haɗuwar farko a wajen taro, a ce ba laifinsa. Ita ta bugo masa waya ofis, shi kuma ya ɗauki ƙafa ya tafi gidanta. Ya san ko wace ce tun ranar farko, domin ita ta gabatar da kanta a matsayin ƙawar ɗansa, daga baya kuma ɗan ya kawo ta gida a matsayin budurwarsa. Ya bi su har Faris a ɓoye. Ya zauna cin abinci da iyalinsa da ita a teburi ɗaya yana yi wa matarsa murmushi. An sa maganar aure, ya ci gaba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ƙofa a buɗe. Shi ya sa Allah ya ce a Isra'i, aya ta 32, "kada ku kusanci zina", ya kuma ce a Nur, aya ta 21, kada ku bi takun Shaiɗan, domin taku-taku abin yake tafiya. Masu fim sun fi son su nuna shi kamar tsawa ce ta faɗo wa bawan Allah, don a nan kasuwarsu take.

Akwai wata magana da ake yawo da ita a matsayin hadisi, wai wanda ya yi so ya kame ya ɓoye har ya mutu shahidi ne. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a Zadul Ma'ad cewa ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba. Ko a wurin masu karɓarta ma, sharaɗinta kamewa, abin da mutuminka bai yi ba.

Laifinsa kuma hawa-hawa ne. Zina ce daga mai aure. Cin amanar matarsa ne, da yanke zumuncin ɗansa. A hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim, bayan shirka da kashe ɗa don tsoron ya ci tare da kai, Annabi (SAW) ya ambaci zina da matar maƙwabci, saboda amanar da ke tsakani. Amanar da ɗa ya ba ubansa ta wuce ta maƙwabci. Ko neman aure na halal ma an hana mutum ya shiga cikin neman ɗan'uwansa, balle wannan.

Sai musun da kuka yi, wanda shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Baiko da sa rana ba aure ba ne. Kafin a ɗaura, yarinyar bare ce ga saurayin, bare ce ga ubansa, ba ta halatta ga ɗayansu ya keɓe da ita ba. Da zarar an ɗaura kuwa, ko ba a tare ba, ta haramta ga uban har abada, ko da ɗan ya sake ta ko ya mutu, saboda faɗin Allah a Nisa'i, aya ta 23, cikin jerin waɗanda aka haramta: "da matan 'ya'yanku waɗanda suke daga tsatsonku". A kan wannan babu saɓani.

Saɓanin yana kan zinar da ta auku kafin ɗaurin aure, ko tana haramta ta ga ɗan. Hanafiyya da Hanbaliyya sun ce tana haramtawa: matar da uba ya yi zina da ita ta haramta ga ɗansa har abada, kamar yadda za ta haramta da aure suka yi. Shafi'iyya sun ce ba ta haramtawa, domin surukuta ni'ima ce da Allah ya rataya ga aure, ba a samunta ta hanyar saɓo. A mazhabarmu ta Malikiyya an ruwaito maganganu biyu daga Imamu Malik. A Muwaɗɗa ya tafi a kan cewa zina ba ta haramtawa, a Mudawwana kuma akwai abin da ke nuna a rabu. Ibn Abi Zaid a Risala, wadda kusan kowane ɗalibin zaure ya karanta, ya yanke cewa halal ba ya haramta saboda zina, Shehu Khalil kuma a Mukhtasar ya nuna akwai saɓani. Abin da aka fi dogara da shi a mazhabar shi ne na Muwaɗɗa. Don haka da alƙali Bamalike za a kai wa, ba zai ce auren ɓatacce ba ne, matuƙar ta yi istibra'i an tabbatar babu ciki.

Wannan hukuncin inganci ke nan. Da ni za a tambaya shawara, cewa zan yi kada ya aura. Mazhabobi biyu cikin huɗu suna ganin haramun ce gare shi, fita daga saɓani kuwa abin so ne, musamman a sha'anin farji. Sannan ka yi tunanin gidan: ranar Sallah za ta durƙusa ta gaida wannan mutumin a matsayin suruki, shi ne zai yi wa 'ya'yanta huɗuba. Shari'a ba ta tilasta wa kowa shiga irin wannan ba.

Bari in ɗan ratse. A al'adarmu kunyar da ke tsakanin suruka da uban miji katanga ce mai kyau, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ko da yake bayan aure muharraminta ne. Inda muke da sakaci shi ne ƙanin miji da wan miji da 'ya'yan baffa, masu faɗawa ɗaki ba sallama da sunan wasa. Su ne Annabi (SAW) ya ce game da su, a hadisin Uƙba bn Amir, dangin miji mutuwa ne, kuma Imam Nawawi ya bayyana cewa ana nufin danginsa waɗanda ba iyaye ko 'ya'ya ba. Ƙorafi da yawa da ke zuwa gaban malamai ta wannan ƙofar yake shigowa.

Idan an yanke wuraren tsiraicin fa? Haramcin da ya rataya da su ya sauka, saura hukuncin sauran abin da ke ciki na mata marasa sutura da kiɗa da kuma ƙawata ɓarnar da na ambata, kuma ban ga abin da zai sa in ba ka shawarar kallonsa ba. Wanda aikinsa ne ya duba irin waɗannan don ya hana su yaɗuwa, kamar ma'aikatan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, yana da rangwame gwargwadon buƙatar aikin, ba ƙari. Ɗalibin adabi kuma taƙaitaccen labarin a rubuce ya ishe shi.

Abin da ya rage maka: abin da ka riga ka kalla ka nemi gafarar Allah a kai, ka goge shi daga wayarka, kada kuma ka tura wa kowa, domin aya ta 19 a Suratun Nur ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma mai turawa yana da kamasho a zunubin duk wanda ya buɗe. Abokin da ya tura maka ka yi masa nasiha tsakaninka da shi, ba a zauren WhatsApp ba. In kuma akwai wata da zuciyarka ta rataya da ita, wadda ta halatta gare ka, Ibn Majah ya ruwaito cewa ba a ga abin da ya kai aure ba ga masoya biyu, sai ka tura manya. In ba ta halatta ba, ka goge lambarta yau.

Allah ne mafi sani.