Abin da Ya Fi Dacewa a Shafa wa Gasasshen Burodi

Sani, jiya da daddare muna kwashe teburi ka tambaye ni wane abin shafawa ne ya fi dacewa da lafiya a kan gasasshen burodi, domin wani dattijo mai hawan jini ya yi maka wannan tambayar da safe, ka rasa ta cewa, ka lafta masa bota kamar yadda aka saba. Gajiya ce ta hana ni amsa maka a lokacin, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Ka fara sanin cewa abin da muke kira bota a teburin shayi, irin su Blue Band, ba man shanu ba ne. Majarin ce, wadda ake haɗawa daga man tsirrai da ruwa da gishiri, a ƙara mata bitamin. Matsalar da aka daɗe ana kuka da ita game da majarin ita ce wani nau'in kitse da ake kira tirans, wanda yake samuwa idan aka daskarar da mai a masana'anta ta tsohuwar hanya, kuma yana cikin abubuwan da ke toshe jijiyoyin zuciya. Hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'ida a 2022 wadda ta hana wannan kitse ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Amfanin wannan ƙa'ida yana ga kayan da ke da suna da lambar hukuma a jikinsu. Botar nan da ake ɗiba daga bokiti a ƙulla a leda ba ta da rubutu ko ɗaya da za ka karanta, ba ka san ranar da aka yi ta ba balle ranar lalacewarta, saboda haka komai arharta kada ka kawo mini ita teburi.

Man shanu na gaske, wanda matan Fulani suke kawowa, ya fi kowanne ƙamshi, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina son sa. Sai dai fiye da rabin kitsensa irin mai daskarewa ne, wanda likitoci suke cewa a rage. Idan kana son gane bambancin ba tare da karatu ba, ka lura da asubar hunturu a nan Kaduna: man shanu yana sandarewa a kwano har sai an kankare shi da cokali, alhali man gyaɗa ko ya yi kauri yana nan yana zuba daga kwalba. Yawanci man da ya zauna a ruwa-ruwa ya fi wa zuciya sauƙi.

Mayonis irin su Bama mai ne da ƙwai da gishiri da ɗan tsami, kuma idan an buɗe kwalbarsa ba ya jure zafin watan Maris da Afrilu a kan teburi. Jam da cakulan na shafawa kuwa kusan rabinsu ko fiye sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma kai shaida ne cewa kofin shayinmu ɗaya mai madara yana cinye kaso mai tsoka na wannan lissafi tun kafin a taɓa burodi. Zuma ma sukari ce a wurin mai ciwon suga, duk da darajarta, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Abin da na fi amincewa da shi, bayan shekarun da na yi a wannan sana'a, shi ne markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A soya gyaɗa sama-sama har ɓawonta ya saki, a murje, a bushe, a kai inji a markaɗa ta da laushi, ba tare da an matse manta ba kamar yadda masu ƙuli-ƙuli suke yi, kuma ba tare da an zuba sukari ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa sinadarin gina jiki ne, manta kuma irin wanda ba ya daskarewa ne, shi ya sa ɗan acaba ko lebura da ya karya da ita yake kaiwa azahar bai ji yunwa ba. Idan ta kwana biyu za ka ga mai ya taso samanta. Wannan ba lalacewa ba ne, alama ce ta cewa ba a gauraya mata komai ba, sai ka juya ta da cokali busasshe.

Amma gyaɗa tana da nata haɗari, kuma a nan ne nake son ka natsu. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da guba mai suna afulatoksin wadda take lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Dole ne ka baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, ka tsince ta da hannu, ka fitar da duk wadda ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ƙwari suka huda. Na taɓa sayen kwano biyar a ƙarshen damina saboda arha, da na fasa ƙwaya na ga cikinta ya yi kore-kore, na ɗanɗana na ji ɗaci, dole na zubar da ita gaba ɗaya. Sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, don haka ka tambayi baƙon fuska kafin ka shafa masa. Fiya ma tana da kyau ƙwarai idan lokacinta ya yi, illa dai tana yin baƙi da zarar an yanka, sai an ɗiga mata lemun tsami.

Sauran magana tana hannunka da wuƙarka. Na lura kana shafa bota da zarar ka sauke burodi daga kasko, burodin mai zafi ya shanye ta, ka ga kamar ba ka sa komai ba, ka sake ƙarawa har sau uku. Ka bar shi ya ɗan huce, sannan ka shafa ƙaramin cokali ɗaya ga kowane yanka, ka ja wuƙar har gefe. Kada kuma ka bari burodin ya ƙone.

Shi kuwa dattijon nan, idan ya dawo gobe, ka gaishe shi, ka ce Baba, burodi da kansa yana da gishiri, bota da mayonis ma suna da shi, kuma gishirin da ake so mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba. Ka ba shi gyaɗa marar gishiri ko fiya, ka rage masa sukari a shayi, batun magani kuma ka bar wa likitansa. Ranar Talata ka shirya da wuri mu je kasuwar Kawo tare, in nuna maka yadda ake duba gyaɗa tun tana cikin buhu.