Alheri danƙo ne, amma wane alheri Bulus yake nufi?

Wata mai karatu ta aiko da tambaya a kan wata aya ta Littafi Mai Tsarki: "Malam, a Romawa 6:14 an ce masu bi ba sa ƙarƙashin shari'a, suna ƙarƙashin alheri. Me ya haɗa alheri da shari'a? Ni alherin da na sani shi ne kyautatawa."

Malama, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Duka kalmomin nan aro ne daga Larabci, har da zunubi da ayar ta ambata. Shari'a a bakin Manzo Bulus, marubucin wasiƙar Romawa, Attaurar Musa ce, ba zaman kotu ba. Zunubi kuwa jam'i ne a Larabci, Bahaushe ya ɗauke shi tilo, ya ƙara masa nasa jam'in, zunubai. Ki lura, idan kika taka ƙafar maƙwabciyarki kin yi laifi, amma zunubi tsakanin bawa ne da Ubangijinsa.

Alheri ne mai wuyar. Asalinsa "al-khair", wato abu mai kyau. Idan muka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko alheri gadon barci ne, muna nufin wanda ya shuka zai girba. Akwai sa rai da sakamako a ciki. Kalmar Helenanci da Bulus ya rubuta kuwa, "charis", kyauta ce da ake ba wanda bai cancanta ba, bai kuma iya biya. Shi ya sa Afisawa 2:8-9 ta ce ceto baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya.

To ina amfanin shari'a? A Romawa 7:7 Bulus ya ce da ba don shari'a ta hana ƙyashi ba, da bai san ƙyashi zunubi ne ba. Kamar madubi ce: za ta nuna miki dattin fuska, amma ba ta wanke shi. A Galatiyawa 3:24 ya kamanta ta da bawan da ke riƙe hannun yaro ya kai shi wurin malami.

Abin da ke damuna shi ne masu jin "ƙarƙashin alheri" su ɗauka an sakar musu linzami. Bulus ya hango su. A Romawa 6:1-2 ya tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, nan take ya ce a'a, wanda ya mutu ga zunubi yaya zai koma ya zauna a cikinsa?