Ya dace mu kai yara gidajen bayi na Elmina da Cape Coast?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, 'yan shekara 6 da 11 da 14, muna zaune a Aboabo cikin Kumasi. Maigidana yana so mu kai su tsoffin gidajen Turawa na bakin teku a hutun makaranta, ni kuwa ina fargabar kada abin da za su gani ya firgita su. Za mu iya zagaya gidajen biyu a yini ɗaya? Kuma ya dace a shiga da autan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 13 ba, saboda haka nisa ba zai hana ku ba. Duk da haka shawarata ita ce ku zaɓi ɗaya, domin tafiya daga Kumasi kan ci awa huɗu ko fiye, kuma yaron da ya sha zaman mota sannan aka shigar da shi kurkuku biyu a jere, na biyun ba zai ƙara masa komai ba sai gajiya.

Da ni ne, Elmina zan zaɓa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Ɗan jagora zai shigar da ku ɗakunan da ake tsare mata, inda iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa, ya nuna muku barandar da gwamna kan tsaya ya leƙa tsakar gida ya zaɓi wadda yake so, daga nan ya kai ku ƙuntatacciyar ƙofar da wanda ya fita ta cikinta zuwa jirgin ruwa ba ya dawowa. A gidan ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin su wuce da shi Saliyo, daga baya Seychelles. Yaran da suka tashi a Kumasi sun san wannan suna, kuma ganin ɗakin da aka ajiye shi zai zauna musu a zuciya fiye da karatun aji.

Game da autan, fargabarki tana kan hanya. Ɗakunan suna da duhu da zafi da wari, kuma ɗan jagora ba ya sassauta bayani don akwai yaro a wurin. Ku raba aiki da maigida: ɗaya ya shiga da manyan biyu, ɗaya ya hau saman bango da ƙaramin su kalli tsoffin igwa da kwale-kwalen masunta masu launi iri-iri a bakin gulbin Benya. Manyan kuwa ku shirya su tun daga gida, kada kuma ku gaya musu cewa wannan tarihin Turawa da Fante, mutanen bakin tekun, ne kaɗai. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a bakin teku daga arewa aka koro su, kuma kasuwar Salaga, wadda fatakenmu Hausawa suka riƙa zuwa sayen goro, kasuwar bayi ce ita ma. Idan kun tashi da asuba, ku tsaya a Assin Manso da ke kan hanyarku, wurin rafin da bayi ke yin wankan ƙarshe kafin a ƙarasa da su teku.

Ku riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, domin kuɗin shigar ɗan Ghana bai kai na baƙo ba. Ku tanadi ruwan sha da takalmin da ba ya santsi, saboda matakalan dutse ne tsofaffi. Don sallar Azahar da abincin rana, ku nufi zangon Cape Coast kusa da kasuwar Kotokuraba kafin ku kama hanyar gida.