Hukuncin Nuna Yatsa a Intanet Idan Mutum Ya Ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. A unguwarmu wani matashi mai sana'ar POS ya fita bayan sallar isha'i, yau kusan wata guda babu shi babu labarinsa. Mun buɗe guruf a WhatsApp, muna kuma yaɗa hotonsa a Facebook da TikTok. To sai hankalin jama'a ya koma kan wani amininsa, don shi ne na ƙarshe da aka gan su tare. 'Yan sanda sun kira shi sun yi masa tambayoyi sun sallame shi. Amma mutane sun ɗauko bidiyon cigiyar da ya yi, suna cewa ko hawaye bai yi ba, kuma an gan shi da sabon mashin. Wani mai duba ma ya ce wa dangin na jiki ne ya ci amana. Ni ban ce shi ya aikata ba, na dai tura hotonsa na rubuta "biri ya yi kama da mutum". Shin ina da laifi? Ba taimakon wanda aka zalunta muke yi ba? Idan kuma daga baya ta tabbata shi ne fa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya bayyana wannan bawa nasa cikin aminci, ya ba iyayensa juriya.

Ɗan'uwa, abu biyu kuka haɗa a guruf ɗin nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Cigiya aikin lada ce. Yaɗa hoton wanda ya ɓata da izinin danginsa, da faɗin kayan da ke jikinsa da inda aka gan shi na ƙarshe, da zagaya asibitoci da tashoshin mota da ofisoshin 'yan sanda, duk taimakon musulmi ne a lokacin da yake cikin tsananin buƙata. Annabi Yaƙub (AS) da kansa ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 87 ta Suratu Yusuf. Wannan ku ci gaba da shi.

Amma ɗora hoton wani mutum a gaban duniya da nufin a fahimci shi ne mai laifi, alhali ba ka gani ba, bai amsa ba, alƙali bai tabbatar ba, wannan haramun ne. Kuma cewa "ni ban ce shi ya yi ba" ba ta fisshe ka ba. Duk Bahaushen da ya ga hoton mutum an rubuta "biri ya yi kama da mutum" a ƙarƙashinsa ya san abin da ake nufi, kai ma ka sani. Malikiyya sun fi kowa tsanani a nan, domin a wurin Imamu Malik wanda ya jefi mutum da zina ta hanyar habaici da zaurance bulala tamanin zai sha, daidai da wanda ya faɗa ƙarara, muddin an gane manufarsa. Tuhumar kisa ko sace mutum ba ta da wannan haddin, hukuncinta ladabtarwa ce gwargwadon yadda alƙali ya gani, amma ƙa'idar ɗaya ce: shari'a tana duba abin da maganarka ta isar. Na kawo wannan ne kuma saboda idan mace ce ta ɓata, kafin gari ya waye za ka ga an fara rubuta "ai saurayi ta bi". Masu wannan su san a bakin wane rami suke tsaye.

Akwai wata aya da ta dace da zamanin nan matuƙa, ita ce ta 83 a Suratun Nisa'i. Allah ya zargi wasu mutane da cewa idan wani al'amari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, da kuwa sun mayar da shi ga Manzo da majiɓinta al'amari daga cikinsu, da waɗanda suka iya tono gaskiyar zance sun gane shi. Ka lura ayar ba ta ce labarin ƙarya ne ba. Laifin shi ne watsawa kafin ya je hannun masu iya tantancewa. Sai aya ta 6 a Hujurat da ta ce a yi bincike kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, da ta 12 da ta hana yawan zato da bin diddigin sirrin mutane da giba, da ta 36 a Isra'i da ta hana bin abin da ba ka da ilminsa. Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Danna "tura" ba da labari ne.

Bari in tsaya kan wani abu da ya faru a zamanin Annabi (SAW), don ya yi kusa da naku sosai. Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa sun tafi Khaibara neman abin sawa a baka, suka rabu a can. Daga baya aka tsinci Abdullahi an kashe shi an jefar. Garin na Yahudawa ne, tsakaninsu da musulmi kuwa ba a daɗe da sauke makami ba. Idan akwai inda biri ya yi kama da mutum, to nan ne. Muhayyisa ya ce musu wallahi ku kuka kashe shi, suka ce wallahi ba mu ba ne. Dangi suka zo Madina, ɗan'uwan mamacin Abdurrahman da Huwayyisa da Muhayyisa. Annabi (SAW) ya tambaye su ko za su yi rantsuwa hamsin su cancanci jinin ɗan'uwansu. Suka ce ta yaya za mu rantse alhali ba mu halarta ba, ba mu gani ba? Ya ce to Yahudawa su rantse hamsin su kuɓuta. Suka ce ba za su karɓi rantsuwarsu ba. Sai Annabi (SAW) ya biya diyyar raƙuma ɗari daga wajensa, don kada jinin ya tafi a banza, kuma bai kama kowa ba. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Waɗannan fa ga gawa a gabansu, ga tsohuwar gaba, ga zafin rashi, amma da aka zo maganar rantsuwa sai suka ja da baya saboda idonsu bai gani ba. Ku ko gawar babu, ba ku ma san ko yaron yana raye ba.

Fiƙihu bai ma yarda a yi gaggawar cewa wanda ya ɓata ya mutu ba. Sayyidina Umar ya hukunta cewa matar wanda ya ɓata ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a kan haka Malikiyya suke, kuma ba a raba gadonsa sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Shari'ar da ta yi wannan haƙurin kafin ta ce "ya mutu", yaya za ta ƙyale ku cikin wata guda ku ce "an kashe shi, ga wanda ya kashe"?

Ba ina cewa musulunci bai san alamomi ba. Rigar Annabi Yusuf da ta yage ta baya alama ce, kuma da ita aka gane mai gaskiya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum saboda tuhuma, a riwayar Tirmizi sannan ya sake shi. Malamai irin su Ibnu Farhun da Ibnul Ƙayyim sun raba wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi, har ma a kan ladabtar da wanda ya tuhume shi, wanda ba a san halinsa ba, a tsare shi har a bincika, da wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɓarna. Sai dai duk wannan aikin hukuma ne da alƙali, wanda zai zaunar da mutum ya ji ta bakinsa, ya nemo bayanan kiran waya, ya kira wanda ya sayar da mashin ya tambaye shi ranar ciniki da inda kuɗin suka fito. Kai me ke hannunka? Bidiyon minti ɗaya. Rashin hawaye kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan. 'Yan'uwan Yusuf da suka jefa shi rijiya da kuka suka dawo wa mahaifinsu da daddare. Akwai wanda tashin hankali ke busar masa da ido, akwai wanda ya iya kukan ƙarya.

An gwada irin aikin naku a ƙasashen da suka fi mu kyamarori da kayan bincike, an ga ƙarshensa. A watan Afrilun 2013, bayan tashin bam a gasar gudu ta birnin Boston a Amurka, wasu masu binciken sa-kai a shafin Reddit suka ɗauko hoton wani ɗalibin jami'a da ya ɓata tun watan Maris, suka ce ya yi kama da ɗaya daga cikin waɗanda ake nema. Iyayen da ke cigiyar ɗansu suka wayi gari ana kiransa ɗan ta'adda, har sai da suka rufe shafin cigiyar na ɗan lokaci. Kwanaki kaɗan aka tsinci gawarsa a kogi, ba shi da alaƙa da bam ɗin, shafin Reddit kuma ya fito ya nemi afuwa. A Ingila ma, ranar 27 ga Janairun 2023, wata mata ta kai 'ya'yanta makaranta ta bi gefen kogin Wyre a yankin Lancashire, daga nan ba a sake ganinta ba. 'Yan TikTok suka cika ƙauyen da wayoyinsu suna kutsawa filayen mutane, suna tankaɗe da rairayar fuskar uban 'ya'yanta a kowace hira da ya yi, har 'yan sanda suka ba da umarnin korar masu ɗaukar bidiyo daga wurin. Ranar 19 ga Fabrairu aka ga gawarta a cikin kogin, binciken kotu kuma ya tabbatar faɗawa ruwa ta yi bisa tsautsayi. A can abin ya tsaya a zagi da ɓata suna. A nan wurinmu ka san yadda ake ƙarewa. Matafiya 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, zaton cewa masu garkuwa da mutane ne ya kashe su. Mun yi kuka a kan wannan, muka ce an zalunce mu. Hoton da ka tura zai iya faɗawa hannun matashin da ke da fetur da ashana, kuma idan haka ta faru kana da kamasho a jinin.

Na san abin da za ka ce: ai a Kano an taɓa yin haka, yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disambar 2021, ashe mai makarantarsu ne. Gaskiya ne, na jiki yakan ci amana. To amma jami'an tsaro ne suka kama shi a wajen karɓar kuɗin fansa, ya nuna inda ya binne ta, Babbar Kotun jihar ta saurari shaidu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Hujja ce ta kama shi.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Ko da gobe ta tabbata aminin nan ne, laifinka na yau yana nan. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Abin da ya ɗarsu a zuciyarka Allah ya yafe shi muddin ba ka furta ko ka yi aiki da shi ba, haka ya tabbata a Bukhari da Muslim, amma kai ka rubuta. A hadisin da ya kasa alƙalai gida uku, wanda ya yi wa mutane hukunci a kan jahilci yana cikin biyun da aka ce suna wuta, ba a ce sai in ya kuskure ba. Dacewa da gaskiya ta hanyar canki-canka ba ta wanke mutum.

Maganar mai duba kuwa, a watsar da ita gaba ɗaya. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Kuma ka lura kullum amsarsu ɗaya ce, "na jiki ne", saboda sun san kowane gida akwai wanda dama ake harara.

Idan akwai wanda ya ga wani abu da idonsa ko ya ji da kunnensa, misali ya ga inda suka shiga a daren ko ya san wani bashi a tsakaninsu, wajibi ne ya kai wa mai binciken, domin ɓoye shaida zunubi ne da nassin aya ta 283 a Baƙara. Wannan ba giba ba ce. Watsa shi a guruf kuwa ɓata shaidar yake yi, don idan da gaske akwai mai laifi, kun ba shi damar goge sawunsa, shaidu kuma su fara faɗin abin da suka karanta a waya maimakon abin da suka gani. In kuna ganin 'yan sanda sun yi sanyi, wanda ba baƙon abu ba ne, ku haɗa dattawa da mai unguwa ku je wajen DPO, in bai yi ba a rubuta wa kwamishina ta hannun lauya, ku yi ta kira a rediyo da intanet cewa a nemo ɗanku. Matsa wa hukuma lamba ta yi aikinta halal ne, ba sai an kama sunan kowa ba.

Kai kuma abin da ke kanka yanzu shi ne ka goge abin da ka tura, ka rubuta a wuraren da ka tura shi cewa ba ka da wata hujja a kan wannan mutumin, da irin bayyanar da ka yi zargin, ba a ɓoye ba. Sannan ka nemi yafiyarsa, kai tsaye ko ta hannun wani dattijo idan kana tsoron fitina, tare da istigfari. Idan kana cikin masu kula da guruf ɗin, nauyinka ya fi na saura: ku sanar cewa cigiya kawai aka yarda da ita, wanda ya ɗora hoton wani da zargi a goge, in ya maimaita a cire shi. Wallahu a'alam.