Hukuncin Sayar da Jabun Kaya Bayan An Sanar da Ɗan Sari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shigo da cajar waya da batura daga Sin, ana buga musu tambarin manyan kamfanoni. 'Yan sarin da ke zuwa mini daga Maraɗi da Agadas ina faɗa musu cewa jabu ne. Shin cinikina ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bai halatta ba, duk da na yaba maka da ba ka ɓoye wa 'yan sari ba.

Matsalar ita ce kayan ba a hannunsu suke tsayawa ba. Ɗan sari zai sayar wa mai shago, mai shago ya sayar wa mai tebur, har su kai ga wata baiwar Allah a ƙauye wadda ba ta ji bayaninka ba. Tambarin kawai ta gani, ta biya kuɗin na asali. Bakinka ya faɗa wa mutum ɗaya gaskiya, amma kwalin da ka sa aka buga yana yi wa ɗaruruwa ƙarya. Wannan shi ne algus. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Risala, wadda muka tashi muna karantawa a zaure, ta hana yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Allah kuma ya hana taimakekeniya a kan saɓo a Suratul Ma'ida, aya ta 2.

Akwai kuma haƙƙin mai tambarin, ko da ba Musulmi ba ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Kuwait a 1988 cewa sunan kasuwanci da tambari dukiya ce da Shari'a ke karewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rayuka. Jabun caja kan haddasa gobara. Kuma wannan ɗabi'ar ce ta shiga harkar magani: a annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, an yi wa sama da mutum 50,000 allurar rigakafin jabu mai ɗauke da sunayen sanannun kamfanoni.

Kayan da ke hannunka, idan ba sa cutarwa, cire musu tambarin ka sayar da su a matsayinsu. Masu haɗari ka lalata su. Nan gaba ka sa a buga naka sunan, wannan halas ne. Ƙarin kuɗin da tambarin ya jawo maka a baya, ka ƙiyasta ka yi sadaka da shi, tare da tuba.

Allah ne mafi sani.