Amsa: Sayen adireshin intanet da sunan ɗan takara, asarar kuɗi ce?

Ɗan'uwa, ka ce maigidanku zai nemi kansila a Agege, an ba ku shawara ku yi rajistar adireshin intanet da sunansa har kala biyar, kai kuma kana ganin ɓarnar kuɗi ce. Ni dai ban ga ɓarna ba.

Adireshi na wanda ya riga ne. In ba ku kama sunan ba, abokin hamayya zai kama, ya zuba abin da ya ga dama a kai. Irin haka ya faru a Amurka a 2015: duk wanda ya rubuta JebBush.com, wato sunan Jeb Bush mai neman takarar shugaban ƙasa, sai ya tsinci kansa a shafin abokin hamayyarsa Donald Trump. Ita kuwa Carly Fiorina, wadda ita ma ta nemi takarar, wani ya riga ta sayen carlyfiorina.org, ya cika shi da tunin ma'aikatan da aka sallama tana shugabar kamfanin kwamfuta na HP. Manya ke nan masu kuɗi, balle mu.

Ku kama adireshin da ya ƙare da .ng da .com.ng, waɗanda NiRA, ƙungiyar rajistar adiresoshin intanet na Najeriya, ke kula da su daga nan Legas, ku haɗa da .com. In ana rubuta sunan iri biyu, kamar Muhammad da Mohammed, ku ɗauki duka. Rajistar kuma a sunan maigidan, ba na yaron da ya haɗa muku shafi ba, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Amma fa kada ku saki baki. Yawancin ƙazafi a Agege ta WhatsApp da Facebook yake yawo, can kuwa sai kun sa mutum mai bibiya yana mayar da martani da wuri.